Hafsan da Ya Karɓi Jirgin Hayaƙi

Tun da ka ce kai ka girma da koyon sabon aiki, matso in ba ka wani misali.

A zamanin kakannin kakanninmu, a wata ƙasa ta bakin teku, an yi wani hafsan sojan ruwa. Jiragen yaƙin wancan lokaci iska ce ke tafiyar da su. Akan ɗaura manyan ƙyallaye a bisa dogayen sanduna, iska ta cika su ta tura jirgi. Mutumin nan tun yana saurayi yake hawa igiya yana kwance ƙyalle, kuma sanin iska ne ya ɗaukaka shi har aka ba shi jirgi nasa. In ya dubi fuskar ruwa da safe, ya san inda iskar la'asar za ta ɓullo. Yana cikin wannan daraja, furfura ta fara fito masa, sai hukuma ta sayo wani sabon jirgi mai inji, wanda ake ƙona kwal a cikinsa, tururi ya juya shi. Manyan hafsoshi suka taru suna dariya, suka ce wannan ai ɗakin girki ne aka ɗora a ruwa, ba wanda ya yarda ya karɓe shi. Shi ma abin bai yi masa daɗi ba, don duk gwanintarsa ba ta da amfani a ciki. Amma ya ga jirgin da idonsa ya fita daga tashar jirage yana fuskantar iska gaba da gaba, abin da bai taɓa ganin wani jirgi ya yi ba. Sai ya je ya ce a ba shi. Ya tuɓe farar rigarsa ta hafsa, ya sauka can ƙasa wurin wuta, ya koyi yadda ake zuba kwal da yadda ake sauraron kukan inji. Ya ƙone a hannu, ya yi baƙi ƙirin, abokansa suka sa masa suna Sarkin Maƙera. In sun faɗa, sai ya amsa da murmushi ya wuce.

Ana nan sai yaƙi ya tashi. Abokan gaba suka tsare wani gari da ke kan tsibiri, abinci ya ƙare, mata da yara suka fara cin ganye. Aka tura rundunar jirage da hatsi su kai ɗauki, har da jirgin hafsan nan mai inji. Sun iso har suna hango ganuwar garin, sai iska ta ɗauke ɗif. Ƙyallaye suka yi laƙwas, teku ta kwanta kamar tabarma. Kwana da kwanaki suna nan tsaye, suna ganin mutanen gari a kan ganuwa suna ɗaga musu hannu. Babban kwamandan rundunar, wanda yana cikin waɗanda suka fi yi wa hafsan ba'a, ya rasa abin yi. Hafsan nan ya je gabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗaura mini jiragen hatsin a baya, ni zan shigar da su." Aka ɗaura da igiyoyi masu kauri, ya sa aka hura wuta, ya ja su. Jiragen abokan gaba su ma iskar ta yashe su, sun kasa juyawa su saita igwa yadda suke so. Duk da haka harsashi ɗaya ya fasa bututun tururi, jirgi ya fara sanyi a tsakiyar ruwan harsasai. Da yake ya san cikin injin kamar cikin ɗakinsa, bai ruɗe ba. Ya sauka da kansa, ya nuna inda za a toshe, aka naɗe da ɗanyar fata da waya, jirgi ya sake motsi. Kafin rana ta yi tsaka, ana sauke buhunan hatsi a bakin garin, tsofaffi suna kama ƙonannen hannunsa suna sa masa albarka.

Daga baya shi aka naɗa shugaban sojan ruwan ƙasar baki ɗaya. Waɗanda suka ƙi jirgin kuwa, suka ƙare kwanakinsu a tasha, suna gadin jiragen da ba a ƙara fita da su ba.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.