Waƙar da Ba Ta Cikin Kaset

Mai gyaran rediyo ya ajiye sukudireba, ya share wa bazawarar da ta shigo benci da hannun rigarsa. Rediyon marigayi mijinta ta sake kawowa, ko da yake dukansu sun san lafiyarsa ƙalau.

Wasan da suka saba ya ɗauko: ya faɗi baitin tsohuwar waƙar Turawa da Hausa, ita ta canki mawaƙin.

"Wanda ya tsaya a tasha, jirgin ƙasa ya tafi da matarsa."

"Mai faffaɗar hular nan, mai murya kamar an tashe shi daga barci. Kawo mai wuya, Malam."

Ya girgiza kai yana murmushi. Bai taɓa kayar da ita ba.

"Wani mai furfura yana gyaran abin da bai lalace ba, don kada mai shi ta daina zuwa."

Ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai.

"Wannan ba ta cikin kaset ɗin marigayi."

"Ba ta ciki."

Ta ɗago kai ta dube shi. Sannan ta miƙe, ta bar rediyon a kan teburinsa.

"Na san mawaƙin. Amma ba ni zai rera wa ba. Yayana yana gida bayan la'asar."