Matar da Baƙaƙe ke Yi wa Iyo

Kai da kake cewa ƙarin lokaci a jarrabawa son kai ne, zauna ka ji wannan misali.

An yi wata mata a wani gari na bakin gulbi, ba ta da buri a duniya sai shiga makarantar koyon aikin ungozoma. Kanta na ja, abin da ta ji sau ɗaya ya zauna ke nan. Sai dai tun tana ƙarama, in ta buɗe takarda, baƙaƙen ba sa tsaya mata wuri guda. Sukan narke su yi ta iyo kamar ƙananan kifaye a ruwan kaka, wannan ya shige ƙarƙashin wancan, wani ya juya baya. Sai ta dafa layin da yatsa, ta jira ruwan ya kwanta, sannan kalma ta taso mata sama a hankali. Duk shekara takan zauna jarrabawar shiga, duk shekara ƙararrawa kan kaɗa tana tsakiyar takarda. Ta fito ta zauna gindin ɗorawa, tana kallon 'yan'uwanta masu jarrabawa na watsewa kamar a mafarki. Ga shekarunta sun kusa wuce ƙa'idar ɗauka.

A zuwanta na ƙarshe, shugabar makarantar, wata dattijuwa mai farin gilashi, ta lura da yatsan nan da ke rarrafe a kan layi tun wurin cike takardar rajista. Ta kira ta gefe ta ce, "'Yata, karatun ne ba ki yi ba, ko idon ne?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, na sani, isowa ce ba na yi da wuri." Aka kai ta wurin likita, ya tabbatar lalura ce da ake haihuwar wasu da ita, ba ta taɓa basira ba. Ranar jarrabawa aka ba ta ɗaki ita kaɗai, tambayoyin nan dai na kowa, ba a rage mata ko ɗaya ba, aka ƙara mata lokaci. Wasu suka yi gunaguni, dattijuwa ta ce ita ungozoma take nema, ba mai tsere ba. Rana ta karkata, haskenta ya kwanto ta taga a kan tebur, tattabaru na kuka a rufi. Karon farko a rayuwarta ta ga ƙarshen takarda, har ta tsaya tana kallon farin da ya rage a ƙasa. Ta ci, aka ɗauke ta.

Yau tana asibitin garinsu, yaran da suka faɗo a hannunta sun cika makarantar firamare. Har yanzu takan daɗe tana duba rubutun kwalbar magani, masu jego na jira, amma ba a taɓa jin ta miƙa wa wata abin da ba nata ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.