Jirgin da Sai da Mutum Biyu

Wendell yana zagaya tsofaffin jiragen ruwa biyu masu tafiya da iska da aka sa kasuwa a bakin tekun Maine ta Amurka, yana ƙwanƙwasa katakonsu da 'yar guduma. Lorna, wadda ta shekara uku tana ɗaga masa hannun bankwana daga gaɓa duk sa'ad da ya shiga teku, ta zuba masa ido.

"Ƙaramin lafiyarsa ƙalau," ya ce, bai ɗago ba. "Ni kaɗai zan sarrafa shi."

"Na leƙa ciki. Makwanci ɗaya ne."

Ya buga babban, sautin ya fito a dushe.

"Kin ji ko? Ruɓa ce. Kuma filafilansa sai da mutum biyu."

"Na sani, sarkin kaɗaici. Shi ya sa."

"Lorna, ke da kike amai tun ba a bar gaɓa ba?"

"In yi aman, in wanke. Amma ɗaga hannu kam na gama. Ka ɗauki ƙaramin, ka dawo ka tarar ba kowa."

Ya miƙa mata gudumar.

"Fara daga bayan babban. Duk inda ya dushe, ki sa alli. Aikinmu ne."