Ƙullin Masunci

Tsohuwa ta ɗaga safar ulun da take saƙawa wajen taga, ba ta ga huji ko ɗaya ba. Tun da hannunta ya soma rawa zare ke kuɓuce mata, har ta fidda ran gama wa jikokinta safa kafin dusar ƙanƙara ta sauko.

"Ka gani? Hannun nan da sauransa," ta ce wa mijinta, tsohon masunci, yana zaune yana feraye tuffa.

"Wa ya musa miki, tsohuwa? Je ki juya tukunyarki kafin tuffan ya kama."

Za ta ajiye ke nan sai ta juya cikin safar. Duk inda zare ya taɓa kuɓucewa, ga ɗan ƙulli mitsitsi, irin wanda ake ɗinke komar kamun kifi da shi. Shekara arba'in tana kallon yatsunsa suna yin wannan ƙullin a bakin teku.

Ta bar saƙar kusa da shi, ta ɗora tabaraunta a kai, ko zai buƙata. Ta shiga kicin, ta rage wa tukunyar wuta don ta daɗe a can, shi kuma ya samu lokacin yin ƙullinsa.