Kusurwar da Ƙumba Ta Ƙi Mutuwa

Darakta ya zazzage bokitin matattun ƙumba a kan teburin ɗakin gwaji, da irin ƙarfin da ya sa kwalabe suka kaɗa. Ƙumba, ga wanda bai santa ba, halitta ce mai ɓawo biyu wadda take kwance cikin yashin rafi tana tace ruwa. Ba ta da ƙafa. 'Ya'yanta, waɗanda ba su kai ƙwayar gishiri ba, sukan maƙale a jikin kifi na ɗan lokaci kafin su faɗo su kama ƙasa.

Domin wannan halitta aka kafa cibiyar binciken da yake shugabanta, a saman wata madatsar ruwa. Domin ita kuma Darakta ya ƙarar da ƙuruciyarsa, ya kewaye rafin da shingen waya, har ma'aikata suka laƙaba masa Sarkin Waya a bayan idonsa. Yanzu ga shi tana mutuwa a hannunsa. Masu tallafi sun riga sun faɗa ba tare da kwana-kwana ba: in damina ta wuce bai nuna hanyar ceto ba, za a rufe cibiyar.

Masaniyar da aka aiko ta gwada ƙwayoyin halitta 'yar ƙanwarsa ce, shi ya sa bai kore ta ba sa'ad da ta gaya masa gaskiya. Ta ce tun da aka gina madatsa ƙumbar sama ta yanke da danginta na ƙasa, ta koma auren gida tsara bayan tsara, har jini ya zama ɗaya. Cutar da ta kada ɗaya za ta kada duka.

Darakta ya ce wannan karatun zamani ne. Shi ya san maƙiyinsa: wani masunci mai taurin kai wanda ya shafe shekaru yana huda shinge. Bara Allah ya ba shi sa'a aka kama mutumin tsamo-tsamo cikin ruwa, rungume da babban kwando. Da aka buɗe kwandon ba a sami ƙumba ba, sai kifi, amma Darakta ya ce ai ɓarawo ba ya rasa abin rufe ido. Bai bar shi ya buɗe baki ba. Ya sa aka ƙone kwandon, aka ƙwace kwalekwalensa, aka riƙa jansa ofis-ofis har ya tattara iyalinsa ya bar yankin, ba wanda ya san inda ya nufa. Wannan nasara Darakta yakan ba da labarinta ko ba a tambaye shi ba.

Masaniyar ta koma rafi da takalman roba.

Bayan 'yan makonni ta shigo ofishinsa da tasa a hannu, cike da ƙumba masu rai, masu nauyi, bakinsu a rufe gam. Daga kusurwa ɗaya tak ta kwaso su, inda cutar ta zo ta wuce ba ta taɓa kome ba. Gwaji ya nuna jininsu na dangin ƙasan madatsa ne. Layukan bayan ɓawonsu kuma sun nuna shekara bayan shekara suka riƙa zuwa, sai bara abin ya tsaya cak.

"Kawu," in ji ta, "in muka gano yadda suka zo, rafin ya tsira. In ba mu gano ba, waɗannan ma za su tsufa su ƙare."

Da wani mutum ne, da ya yi godiya ga Allah. Darakta ya miƙe yana huci. Wane ne ya shigo da baƙon jini cikin rafinsa ba da izninsa ba? Ya tara ma'aikata a rana, ya jera su kamar 'yan makaranta. Direba ya rantse ko iyo bai iya ba. Mai shara ta ce ita ƙyamar abin ma take yi. Darakta ya ce duk munafukai ne, kuma in mai laifin bai fito ya bayyana dabararsa ba, kowa ya nemi wani aikin.

Masaniyar ta ce ya bar mutane su sha iska, domin hannun ɗan Adam bai iya shuka abin da ido ba ya gani. Kifi ne kaɗai ke kawo su, kifin ƙasan madatsa, mai rai, wanda ya zauna a wuri ɗaya na kwanaki.

"Kifi mai fukafukai ke nan," in ji Darakta. "Madatsar da ta fi bene tsawo? Ku kai ni wurin."

Suka bi gefen shinge, shi a gaba da sandarsa, tsohon maigadi a baya. A kusurwar ruwan yana da sanyi, inuwa ta rufe shi. Darakta ya tsaya yana zungurar yashi, yana cewa ko wane ne ya yi wannan aiki, sai an nemo shi ko da a ƙarshen duniya yake. Da ya ga maigadi yana sosa ƙeya, ya daka masa tsawa ya faɗi abin da ya sani.

"Ranka ya daɗe, ba sai an yi bincike ba. Masuncin nan na bara a ƙasan madatsa yake kamun kifinsa, nan kuma yake nutsa kwandonsa, don kifin ya kai ranar kasuwa da rai ba tare da an sace masa ba."