Kwandon Bayan Ƙofa

"A dawo da kwandon abincin kyauta gaban shago, kowa ya ga alherinmu," in ji shugaban kwamitin shagonmu na haɗin gwiwa.

Wata uku ina kwamitin, ban taɓa cewa uffan ba. Ran nan sai na ce, "Baba, a bar shi bayan ƙofa. Mai jin yunwa ba ya son 'yan kallo. Shekara biyu kwandon nan ya ciyar da gidanmu, ba wanda ya taɓa ganina."

Tsohuwar da ke yi mana awo a shagon, wadda ita ma 'yar kwamiti ce, ta tuntsire da dariya. "Ke 'yar nan! Ni da nake ƙura wa bango ido har ki gama ɗiba? Har yau wuyana ciwo yake."

Ita ta fara ɗaga hannu a bar kwandon wurinsa. Ni kuwa na kasa ɗaga kai.