Motar da Ke Share Hanya

Madubin gefe na uku ke nan da Alhaji Darwish ya karya cikin wata biyu, ban da keken mai dafaffen wake da ya kwashe a bakin layi, romo ya malala har ƙofar kantin magani. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma a ganinsa duk direbobin unguwarsu ta Shubra sun lalace, shi kaɗai ya rage.

Ranar Juma'a 'yarsa Nirmin, injiniya, ta zo da sabuwar mota da kuma sharaɗi. Motar tana da ido gaba da baya, tana kuka in ta kusanci abu, tana taka burki da kanta in mutum ya gifta.

"Baba, kwana talatin na ba ka. Ƙwarzane ɗaya, na karɓe makulli, ka zauna a gida ka huta."

Matarsa Fawkiyya tana zuba shayi a lokacin, sai da ya cika ya zube a faranti. Tun da Alhaji ya yi ritaya yake koya mata yankan albasa, ita da ta shekara arba'in da shida tana yankawa.

Washegari ya fito da hantsi zai tafi gidan shayi, inda yake zaman awa uku kullum. Ya ɗaga kai sai ya ga Fawkiyya a baranda, waya a hannu, tana ɗaga masa hannu. Abin ya taɓa zuciyarsa. Ko suna amarci ba ta taɓa yi masa irin wannan rakiya ba.

Abin mamaki kuwa, layin fayau. Mai wake ya manne kekensa da bango. Yaran da ke buga ƙwallo kamar ƙasa ta haɗiye su. Masu keke-napep sun yi gefe, kowa ya sunkuyar da kai yana duba waya. Motar ko tari ba ta yi ba har ya isa.

Haka aka yi rana ta biyu, haka ta goma. Alhaji ya yi nazari irin na masu ilmi, ya gano bakin zaren: motar tana aika wani sauti da kunne ba ya ji, shi ke kore komai daga gabanta.

"Ku kuna can kuna fama da hon," ya ce wa abokansa yana buga ƙwayar domino a tebur. "Tawa tun daga nesa take magana da hanya."

"Ai mun shaida, Alhaji," in ji Milad mai aski. "Wallahi kafin ka iso muke jin ta a aljihunmu."

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya yi musu uzuri, hassada ba ta da magani.

Rana ta ashirin da tara ce ta so ta ɓata lissafi. Wani baƙo mai tallan tukwanen gas, daga wata unguwa, ya turo kekensa tsakiyar layi yana buga ƙarfe. Alhaji na tafe yana neman tashar labarai a rediyo. Mutane suka yi ta ihu daga barandu. Motar ta tsala ƙara, ta dafe burki da ƙarfi har tabaransa ya faɗo cinya. Tsakanin hancinta da tukwanen bai fi tafin hannu ba.

"Ai na riga ta takawa," in ji Alhaji, ko da yake ƙafarsa na kan totur.

Milad ya fito a guje da almakashi a hannu. Bai zagi baƙon ba, bai duba motar ba. Cewa ya yi, "Ɗan'uwa, kullum za ka riƙa biyowa nan? To ba ni lambar wayarka."

Rana ta talatin Nirmin ta zagaye motar sau biyu, har da durƙusawa. Ko ɗigon ƙwarzane babu. Ta miƙe tana murna.

"Kun gani? Wannan ita ce fasaha. Gobe a ofis sai kowa ya ji."

"Fasaha a hannun gwani," Alhaji ya gyara mata, ya cusa makullin a aljihun jallabiyarsa. Fawkiyya ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Da safe ya shiga motarsa, ya gyara zama, ya hango Fawkiyya a madubi tana ɗaga masa hannu kamar kullum. Ya yi murmushi, ya ja.

Ita kuwa ta tsaya har ta ga inda ya karya kan mota, sannan ta rubuta wa mutum ɗari huɗu da goma sha uku na zauren hirar unguwa na cikin waya abin da ta yi wata guda tana rubutawa: "Ya fito, ya yi hagu. A kwashe yara da kekuna, don girman Allah kar a zaunar min da shi a gida."